Kashi na Sha Biyu da Ba Ki Gani Ba

Zuwa ga ƙanwata Nusaiba,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Na rubuta sallamar, sai na tsaya da biro a hannu kamar mai jiran amsa. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma karatun Hausa wahala yake ba ki, sai kin bi da yatsa kina haɗa baƙaƙe, daga ƙarshe ki ture ki ce in rubuta miki da Larabci. Amma da Hausa na yi miki laifi, don haka da ita zan faɗa.

Yau kwana arba'in da shida da rasuwarki. Ranar Talata kika tafi, ranar Laraba bayan azahar Baba da maƙwabta suka kai ki. Ranar Alhamis, gida cike da mata masu ta'aziyya, wayarki ta yi ƙara a ƙarƙashin matashinki. Na ɗauko na duba. Sanarwa ce, wai an saki kashi na sha biyu, na ƙarshe, na anime ɗin nan naki. Sati sha ɗaya kina jiran Alhamis kamar ranar Idi. Kwana biyu kacal ya rage miki, Nusaiba. Kwana biyu.

Bari in fara ba ki labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Baba yana nan yana zuwa Khumra, yana tuƙa motar kaya daga sito zuwa sito kamar kullum. In ya dawo ba ya kunna labaran Sudan kuma, sai ya zauna a bakin ƙofa da carbi har a kira sallah. Na tambaye shi inda kabarinki yake. Ya ce layi na huɗu daga katanga, sannan ya ce ko na biyar. Kin san nan Jidda ba a rubuta suna a kabari, mu kuma mata ba ma zuwa. Ban sake tambayarsa ba, don na ga abin da tambayar ta yi wa fuskarsa. Gwiwoyin Inna sun ƙara tsananta, yanzu a kujera take sallah. Har yau in ta dama asida sai ta fito da kwano huɗu, ta tsaya tana kallonsu, ta mayar da ɗaya. 'Yan ajinku sun zo sau biyu. Magen nan ta saman bene ta haihu, uku, ɗaya fari fat. Unguwarmu Mahjar tana nan yadda kika bar ta, da zafinta da hayaniyarta, ba abin da ya tsaya saboda ke sai gidanmu.

Ni kuwa ban koma mashgal, shagon kwalliyar da nake aiki, ba. Na gwada sau ɗaya. Na riƙe kwarkwaron lalle a kan hannun wata mata, layin ya karkace, na ba ta haƙuri na shige banɗaki. Madam mai shagon ta ce za ta jira ni zuwa ƙarshen wata, bayan nan dole ta nemi wata, don lokacin bukukuwa ya matso. Ban ga laifinta ba.

Sati biyu bayan rasuwarki Inna ta ce in kwashe kayanki a ba mabuƙata. A cikin jakar makarantarki na sami ƙaramin littafin nan mai shuɗin bango, wanda kike rufewa da sauri in na shigo. Na zaci sirrin 'yan mata ne. Ashe maganganun da ake yi a cikin anime ɗin kike kwafewa daga fassarar Larabcin da ke fitowa a ƙasan allo. Kowane shafi kin rubuta lambar kashi a sama, ko halƙa kamar yadda kike cewa, kin ja layi biyu a ƙarƙashi.

Kin tuna sau nawa kika roƙe ni in zauna mu kalla tare? Nakan ce miki ni na girmi katun. Ki kumbura fuska ki ce ba katun ba ne, anime ne, kuma ba na yara ba ne. In leƙa in ga 'yan mata masu manyan idanu da riguna kamar kek ɗin biki, in yi dariya in ce ki gaishe su. Minti ashirin da 'yan kai ne kowane kashi. Ban taɓa ba ki minti ashirin ba.

Yanzu na kalla. Na ɗauki wayarki, na sa abin kunnenki, na ajiye littafin a cinyata, ina bin shi layi layi.

Nusaiba, me ya sa ba ki gaya mini abin da ke ciki ba? Ko kin gaya mini ne ban ji ba? 'Yan mata biyar a wani gari na bakin teku, kowacce an ba ta ƙaramar fitila. In baƙin ciki ko ciwo ya yi wa wani mutum yawa a garin, sai ya fito daga jikinsa ya zama dodo, su kuma su canza kaya su je su kashe shi. Mutumin ya tashi garau, bai san abin da ya faru ba. Kashi biyu na farko na ce ai ga shi, wasan yara ne. A na uku aka nuna inda ciwon yake zuwa. Ba ɓacewa yake ba, cikin ƙasusuwan yarinyar da ta kashe dodon yake shiga ya zauna. Kuma an kafa musu doka ɗaya: ranar da wata ta buɗe baki ta ce yana mata ciwo, duk abin da ta ɗauka zai koma kan masu shi. Don haka suke murmushi. Suna zuwa makaranta, suna shan askirim, suna murmushi, ƙasusuwansu na ci da wuta.

Cikin ƙasusuwa, ƙanwata. Na ajiye wayar na fita tsakar gida na tsaya. Ke da aka haifa da sikila, ke da tun kina shekara uku kike ce mini ana sara miki ƙafa da guduma daga ciki, wannan kike kallo kowace Alhamis, ni ina wucewa ina ce miki ki gaishe su.

Na sami maganganun ɗaya bayan ɗaya, daidai inda kika ce suke. A kashi na uku babbarsu take ce wa sabuwar da ta shigo, “An yi rigar da kyau ne don kada a kalli fuskar mai sanye da ita.” A na biyar, wadda kika fi so, mai gajeren gashin nan da kika zana a bayan littafin, ta ce, “Kowa na gode wa haske, ba mai tambayar lagwani.” A na bakwai wata ta kasa jurewa ta gudu daga garin, sauran suka kira ta matsoraciya, kin kwafe amsarta kin zagaye ta da jan biro: “Ni ma ba jaruma ba ce da. Ban dai sami wanda zan gaya wa ba ne.” A na tara kuma akwai wadda kika rubuta sau uku a jere, kamar hadda: “In na faɗa, ciwon mutum ɗaya zai zama na mutum biyu.”

Na duba ranar da kashi na tara ya fito. Na lissafa. Wata guda ke nan bayan ranar Juma'ar nan.

To ga abin da ban taɓa faɗa miki ba, ko da yake ina jin kin riga ni sani. Ranar Juma'ar da mahaifiyar Hamza ta bugo waya karo na uku tana tambayar yaushe za a sa rana. Shekara biyu ke nan yana jira na a Dammam. Inna ta ajiye wayar ta ce mini a kicin, a ƙara haƙuri, in na tafi wa zai riƙa ɗaukar ki zuwa asibiti, wa zai dafa ruwan zafi ya gasa miki, ita ga gwiwa, Baba ga aiki. Ni kuma a satin kwana huɗu na yi da ke a asibiti, bayana kamar zai tsage. Na buga murfin tukunya na ce, “Shekara nawa zan yi ina ɗauke da ita? Na gaji, Inna. Wallahi na gaji.” Da na fito na same ki a kwance a falo da waya, kin juya wa ƙofa baya. Abin kunne ɗaya yana kunnenki. Ɗayan yana kan tabarma.

Na gani, Nusaiba. Na ga ɗayan a kan tabarma, na wuce.

Daga ranar ba ki sake kira na don ciwo ba. Sati bakwai cur. Ba “Yaya, ƙafata,” ba “Yaya, bayana.” Inna tana cewa alhamdulillahi, sabon maganin ya karɓe ki. Ni ma ina cewa alhamdulillahi. Amma ni ce na san jikinki fiye da kowa. Na ga yadda kike dafa bango in za ki miƙe. Na ga kina dafa ruwan zafi da kanki in kin zaci ba kowa. Na ga ƙwayoyin rage raɗaɗi suna ƙarewa da wuri. Ban tambaya ba, don na san in na tambaya za ki iya faɗa, in kika faɗa kuma hutuna ya ƙare. Hutun ya yi mini daɗi. Wannan ita ce gaskiyar da ta hana ni cin abinci. Na yi barci mai kyau a cikin satuttukan nan bakwai, har na yi ƙiba.

Ranar Talatar ina da amarya a unguwar Bagdadiyya, ita da ƙawayenta shida, aikin yini guda. Da safe ina sa abaya na kalle ki. Leɓɓanki sun yi toka, kina jan numfashi gajere gajere, hannunki a kan ƙirji. Na tambaye ki lafiya, amma da jaka a kafaɗa na tambaya, ƙafa ɗaya a waje. Kin san irin tambayar da ake yi don a ce maka ba komai. Kika ba ni abin da nake so. Kika yi murmushi kika ce, “Ma fi shai, Yaya, sanyin mukayyif ne. Yalla, amarya na jira.” Na kashe na'urar sanyin, na ja miki bargo, na ce ki sha ruwa da yawa. Na tafi.

Na sa wayata a jaka don kada ta dame ni. Na yi wa amaryar nan lalle mafi kyau da na taɓa yi, har gwiwar hannu, mata suna ɗaukar hoto. Sai bayan la'asar na wanke hannu na duba, na ga kiran Inna sha huɗu. Motar da na hau ta maƙale a cunkoso, ina dukan kujerar direba ina roƙonsa, shi kuma ba inda zai bi. Da na isa asibiti na sami Baba a tsaye a baranda, hularsa a hannu. Na shiga na kama hannunki da yatsuna masu baƙin lallen wata, yana da sauran ɗumi. Minti nawa na makara? Ba wanda ya yarda ya gaya mini.

Mutane suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Na sani. Na yi imani da ƙaddara, ban ja da Ubangijina ba, astagfirullah. Likitar ta ce ciwon ne ya hau ƙirji, kuma irinsa yana da sauri. Na tambaye ta, da an kawo ki da safe fa? Ta dube ni ta ce Allah ne masani. Ba ta ce a'a ba, Nusaiba. Na jira ta ce a'a, ba ta ce ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta miki. A shafin ƙarshe na littafinki, bayan na kashi na sha ɗaya, akwai layi guda da ba ki sa masa lamba ba. Da Larabci, da rubutunki mai kwanciya gefe: “Wadda take ɗauke da ni ta gaji, kuma ba laifinta ba ne.”

Na neme shi a cikin kashi sha ɗayan nan. Na kalla daga farko zuwa ƙarshe, na sake, na sake. Na tsayar da hoton ina karanta fassarar kalma kalma. Na kalli waƙar buɗewa da ta rufewa. Babu. Sai na ce wa kaina ƙila a tallan kashi na gaba kika gan shi, a wani wuri da ban sani ba, ƙila maganar wata yarinya ce mai fitila, ba taki ba. Muddin ban kalli na sha biyun ba, ina da wannan ƙilar. Wata guda na yi ina riƙe da ita. In buɗe wayar, in ga hoton kashin yana jira, in kife ta.

Juma'ar da ta wuce, bayan Baba ya tafi masallaci, na kasa daurewa. Na zauna a inda kike kwanciya na kunna. Inna ta fito da sandarta ta ce mene ne, na ce abin Nusaiba ne. Ta zauna kusa da ni. Na cire abin kunnen na buɗe murya, ina karanta Larabcin ina mayar mata da Hausa, don idonta ba ya bin rubutun.

Ga yadda ya ƙare, tunda ba ki gani ba. Saura su biyu, babbar da taki mai gajeren gashi. Babbar ta faɗi a bakin teku, ba ta iya ko ɗaga fitilarta, amma tana murmushi. Taki ta dube ta, ta dubi garin, mutane suna cin kasuwa ba abin da ya dame su. Sai ta hau kan katangar tashar jiragen ruwa, ta cire murmushin, ta yi ihu da iyakar ƙarfinta: “Yana ciwo! Tun ranar farko yake ciwo!” Fitilun suka fashe. Ciwon ya fita ya koma kan mutanen garin. Na rufe ido, na zaci duk za su mutu. Nusaiba, ba wanda ya mutu. Da ya rarrabu a kansu, kowa ɗan kaɗan ya samu. Wani ya dafe ƙirji, wata ta zauna a bakin hanya ta yi kuka, wani tsoho ya tuna matarsa. Shi ke nan. Abin da yake kashe yara biyar, gari guda ya ɗauka ya tafi gida da ƙafarsa. Dokar ba don kare mutanen aka kafa ta ba, don kada a dame su ne kawai. Sai aka nuna wata mai sayar da kifi ta hau katangar ta sauko da yarinyar a bayanta, tana ce mata, “Da kin faɗa tun jiya, da tun jiya na zo.”

Wannan ne ƙarshen abin da kika yi sati sha ɗaya kina koyon shiru daga gare shi. Kin haddace dokar, kika tafi saura kwana biyu a gaya miki ƙarya ce. Da kin gani, za ki faɗa? Da kin faɗa, da na zo? Ina so in rantse miki da na zo. Amma ai kin faɗa mini da leɓɓanki da numfashinki a safiyar nan, na kashe mukayyif na tafi.

Layin kuma ba ya ciki. Na jira har sunayen masu aikin suka gama wucewa, allon ya yi baƙi. Ba ya ciki. Naki ne.

Inna ta ce, “Ashe abin da yarinyar nan take kallo ke nan, muna ce mata wasa.” Sai na gaya mata komai, abin kunnen da ke kan tabarma, da abin da na gani da safen. Na zaci za ta mare ni, na so ta mare ni. Ta ce, “Ke kin gani kin fita. Ni ina zaune a gabanta tun safe har azahar. Tana ce mini kada in kira ki, hannunki zai karkace a lallen amarya, ni kuma na biye mata, don ina tsoron sauka benen nan da gwiwata.” Muka zauna, ba wadda ta lallashi wata. Ba mu da abin lallashin. Har Baba ya dawo ya same mu a haka, ya dube mu, ya koma waje.

Hamza ya bugo jiya. Mutumin kirki ne, bai matsa ba, ya ce duk lokacin da na shirya. Mahaifiyarsa kuwa ta ce wa Inna, cikin tausayi take nufi, ai yanzu ba abin da ya riƙe Amna. Na ji maganar daga ɗaki. Ba abin da ya riƙe ni. Hanyar da na yi shekara biyu ina kukan a buɗe mini ta buɗe, kuma na san da me aka buɗe ta. Ta yaya zan bi ta? Ta yaya zan zauna a sa mini lalle? In na ƙi kuma, wa na amfana? Ban ba shi amsa ba. Ban san amsar ba. Ke ce mai iya faɗa mini gaskiya ba kunya, ke ce kike cewa Hamza yana da kunnuwa kamar kofin shayi amma zuciyarsa fara ce.

Kin rubuta cewa ba laifina ba ne. Shekararki sha shida, ƙasusuwanki na ci da wuta, kika zauna kina wanke ni a takarda tun kafin in nemi gafara. Wannan ya fi mini zafi a kan a ce zagina kika yi. Da kin zage ni, da na san inda zan ajiye shi.

Ba zan ce miki ban gaji ba, kin ji da kunnenki, kuma ba a yi wa mamaci ƙarya. Na gaji. Amma ba wanda ya gaya mini cewa gajiyar nan ita ce dukiyata. Yanzu ina tashi da safe jikina sakayau, ba tukunyar ruwan zafi, ba jakar asibiti a bakin ƙofa, ba mai kira na daga falo. Na huta, Nusaiba, kuma ban taɓa sanin azaba irin wannan hutun ba. Ina roƙon Allah a kowace sujada Ya sa ciwonki ya zama kankarar zunubi, Ya ba ki jikin da ba ya ciwo, ki yi gudu, ki sha ruwan sanyi yadda kike so, ki shiga teku ba mai hana ki. In kuma Ya haɗa mu, kada ki yi mini murmushi. Ki fara gaya mini inda yake miki ciwo a satuttukan nan bakwai, ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake ko guda. Zan ajiye jaka, in cire takalmi, in zauna.

Sai mun zo, auta. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, ko a layi na huɗu kike ko na biyar.

Yayarki da ta makara,
Amna
Mahjar, Jidda